Tuwon Iya Ta-Mabai

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, lokacin da kowane ma'aikaci ya karɓi ƙarin albashin Udoji ya sayi babur ko rediyo mai kaset, akwai wani gidan abinci a bayan tashar Ƙanƙara da kowa ke kira otal ɗin 'yan wasa. Babu ko allo a ƙofarsa. Rumfar kwano ce da benci huɗu, da murhu uku a tsakar gida, da firji mai kananzir wanda mai wurin, Hajiya Lauratu, ta saya a shekarar da ta dawo daga Makka da haƙorin zinare. Direbobin Funtuwa su ci su wuce, 'yan kasuwa su ci su wuce. Mu ne ba ma wucewa.

Mu takwas ne a ƙungiyar wasan kwaikwayon garin. Shugabanmu Malam Zailani, hedimasta ne. Ni kuwa sunana Mani, malamin aji huɗu, kuma saboda tsawona shekara tara ban taɓa fitowa a komai ba sai ɗan doka. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina so.

Ba ma rubuta wasa. Malam Zailani yakan zo da ƙashin labari a kansa, ya zayyana mana muna cin tuwo, ya gaya wa kowa abin da zai fito, sai mu shiga tsakar gida bayan la'asar mu gwada, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Alƙalinmu kuwa muciyar Hajiya ce. Tana zaune kan kujerarta tana tuƙa tuwon yamma, ko kallonmu ba ta yi. In muciyar ta tsaya, to wannan wurin ya yi kyau, a riƙe shi. In ta ci gaba da juyawa, ko Malam Zailani ya rantse ba a taɓa yin irinsa ba, zubar da shi za a yi. Na taɓa kwashe mako guda ina shirya wani dogon jawabi na ɗan doka, muciyar nan ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Har yau in na tuna sai na ji haushi.

Abu ɗaya zan faɗa a kan girkinta, Allah Ya jiƙanta, hannunta na da nauyi wajen gishiri. Mun yi ƙorafi har mun gaji. Takan ce wanda bai so, ga hanya nan a buɗe.

A wancan zamanin mata ba sa fitowa wasa a garinmu, maza ne ke ɗaura zane. Namu mai ɗaura zanen shi ne Gide tela, wani siririn mutum wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Amma in ya shiga ɗakin ajiyar Hajiya ya ɗaura wani tsohon baƙin zanen saƙi da take ba shi, ya fito yana jan ƙafar hagu, to Gide ya tafi, Iya Ta-Mabai ce ta zo. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, mai baki kamar reza, mai rowar gishiri: ta ɗebo da yatsu uku, ta duba, ta mayar da rabi. In za ta faɗi magana mai nauyi sai ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta goge tafin hannunta sau biyu a zane ko da a bushe suke. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yafe wa kowa ba. Sai dai ta tura masa kwanon tuwo da bayan hannu, tana kallon wani wurin, ta ce, "Ci tun da zahi."

Kwanon kuwa kullum ba komai a cikinsa, an dai rufe shi da faifai. Dalili shi ne wata rana a Sabuwa mun zuba tuwon gaske, Mamuda malamin gona ya duƙufa a kai ya manta da cewa wasa ake yi, sai da na fito da kulkina na tashe shi. Tun daga ranar Malam Zailani ya kafa doka: a wasa, cin ƙarya ake yi.

Mun kai Iya Ta-Mabai Faskari da Daudawa da Tafoki a bayan motar auduga. Ta yi rigima da sabon kuɗi, ta yi rigima da takin zamani, ta yi rigima da masu rubuta yara makaranta. A Tafoki wata tsohuwa ta biyo mu har bakin mota da man shafawa a gwangwani, wai a ba Iya ta shafa a ƙafar.

A shekarar saba'in da shida, da damina ta ja baya, takarda ta zo daga Kaduna. Za a yi gasar wasan kwaikwayo ta jiha, an gayyace mu, har za a ɗauka a talabijin. Malam Zailani ya karanta mana a otal muna ta murna, sai ya kai layin ƙarshe ya rage murya. An sa sharaɗi: duk inda mace take a wasa, mace ce za ta fito.

Duk muka juya muka dubi Gide. Ya ƙarasa lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya ce yana da ɗinkin da zai ƙarasa. Ya fita.

Malam Zailani bai sha wahalar samun mace ba. Ƙanwarsa Zulaihatu ta gama kwalejin horon malamai mata, ta yi wasa a can, an turo ta koyarwa Ƙanƙara, mijinta kuma ya amince. Labarin da muka shirya na wani saurayi ne da ya yi faɗa da uwarsa ya bar gona ya tafi birni neman kuɗin mai, birni ya wanke shi tas, ya dawo gida hannu rabbana. Uwar ita ce Iya Ta-Mabai. Mamuda ne ɗan, ni kuma, ba sai na faɗa ba, ɗan dokan da ya kama shi yana kwana a tasha.

Kwana tara muna gwaji, muciya ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Ba laifin Zulaihatu ba ne. Tana da murya, ba ta da tsoro, amma tsohuwarta irin ta makaranta ce: ta ranƙwafa ta dafe ƙugu, ta riƙa karkarwa da murya kamar mai zazzaɓi. A kwana taran nan kuma Gide bai leƙo ba, ko tuwo bai aiko an saya masa ba.

Rana ta goma na riga kowa zuwa. Na zauna kusa da murhu na ce, "Hajiya, ni dai abin Gide ya ishe ni. Namiji da shi, shina kishin zane."

Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke ta ɗan lokaci. Ta ce, "Malam Mani, kai dai tsawo Allah Ya ba ka. Ka san ko wace ce Iya Ta-Mabai?"

Na ce, "Ai Gide ne ya ƙago ta."

"Bai ƙago kowa ba. Safara'u ce, uwar da ta haihe shi. Tare munka yi tallar daddawa ni da ita, daga Mabai zuwa kasuwar garin nan, a ƙasa. Kurkunu ne ya ɓata mata ƙafar hagu. Zanen da shike ɗaurawa kau ba nawa ba ne, nata ne, wurina ta bar shi. Ranar da na fara miƙa mishi ya gane shi. Bai ce komi ba, ni ma ban ce ba."

Ta gyara itace a wuta, sannan ta ci gaba. "Shina ɗan shekara sha bakwai ya ce ba shi noma, Zariya za shi koyon ɗinki. Sunka yi cacar baki. Da sahe ta ɗumama tuwo ta tura mishi kamar yadda ta saba, ya tsallake kwanon ya hita. Bayan shekara biyu ya dawo da keken ɗinki da turmin atamfa da ya sayo mata, ya ishe an yi sadakar bakwai."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara tara ina tsaye da kulki a gefen mutumin nan, ina dariya in ya tura kwano, ban san abin da nake kallo ba. Na ce, "To ke ma shi ya sa muciya ke tsayawa."

Ta ce, "Tashi ka raka ni shagonsa."

Hajiya Lauratu ba ta barin murhu da rana ko gobara ake yi a tasha. Amma ranar ta bar tukunya a hannun mai taya ta aiki, ta naɗe baƙin zanen ta sa a hammata, muka bi ta cikin kasuwa. Muka tarar da Gide yana taka keke, ya tashi da sauri ya ba ta kujera ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Gide, yarinyar nan za ta kai Safara'u Kaduna, ko ka so ko ka ƙi. Ko dai ta kai ta yadda take, ko ta kai wata tsohuwa mai ciwon ƙugu da ba mu san ta ba, a kira ta da sunan Mabai duniya na kallo. Wanne ka zaɓa?"

Ban taɓa jin an ambaci sunan a gabansa ba. Ya daɗe yana kallon zaren da ke hannunsa. Ya ce, "Inna, ita kaɗai ta rage mini. In na ba da ita, mi zan riƙe?"

"Ban sani ba," in ji Hajiya. "Zo dai ka koya mata." Ta ajiye zanen a kan keken ɗinkin ta tashi.

Washegari bayan la'asar sai ga shi da zanen, an wanke an buga. Ya miƙa wa Zulaihatu da hannu biyu. Ya tsaya ya kalli gwajin farko har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, miƙe tsaye. Ba ƙugu ke mata ciwo ba, ƙafa ce. Kuma ba ta son a gane. Kada ki nuna ɗingishin, ki ɓoye shi, shi zai hito da kanshi."

Haka suka yi ta yi. Ya sa ta zagaya tsakar gidan da tulu a ka har ƙafar ta koyi ja ba tare da an sa ta ba. Ya nuna mata yadda ake ɗebo gishiri a mayar da rabi, da ɗaurin ɗankwali, wanda sai ƙulli ya koma bayan kunnen dama. Zulaihatu yarinya ce mai zuciya, sau biyu tana jefar da ɗankwalin ta ce ita ta gaji, sau biyu tana komawa ta ɗauka. Da suka zo wurin tura kwano ya ce, "Kada ki dube shi. In kin dube shi kuka za ki yi, ita kau ba ta kuka gaban ɗiyanta."

A rana ta huɗu da dawowar Gide, Zulaihatu ta fito daga ɗakin ajiya tana faɗa da wata akuya da ba ta nan, sai muka ji tsakar gidan ya yi tsit. Muciya ta tsaya. Kowa ya yi murna, har Malam Zailani ya sayi lemon kwalba ya raba. Na dubi Gide. Murmushi yake yi, amma irin na wanda ya raka ɗan uwansa tasha.

A nan ne Hajiya ta yi maganar da ta canza wasan. Ta nuna Mamuda da muciya ta ce, "Malam Zailani, wai wannan ne yunwa ta koro daga birni? Da wannan tumbin na Udoji? Ko makaho ya shahwa shi ya san ƙarya ne."

Gaskiya ta faɗa. Tun da Mamuda ya sayi babur ya daina taka ƙasa, rigarsa ma da ƙyar take rufe shi. Malam Zailani ya ce to wa za a sa? Ta ce, "Ga siriri nan zaune ba shi da aikin yi."

Gide ya ce, "Inna, ni ban taɓa yin namiji ba."

Aka yi ta dariya har Mamuda ya manta da fushin da ya fara yi. Aka mayar da shi attajirin birni mai korar mutane daga ƙofar gida, abin da ya dace da shi ƙwarai. Gide ya karɓi ɗan ba don yana so ba. A gwaji yana yin abin da aka ce masa daidai, ba ƙari ba ragi. Ya dawo, a yi masa faɗa, a tura masa kwano, ya ɗaga faifai ya kai hannu baki sau uku, ya ce ya tuba, shi ke nan. Muciya ba ta tsaya masa ba, amma Malam Zailani ya ce a bar shi haka, lokaci ya ƙure.

Kafin mu tafi Kaduna muka ce mu nuna wa mutanen gari. Ranar Asabar bayan la'asar aka share filin makarantar firamare, aka kewaye da igiya, aka kafa zana biyu a matsayin gida. Jama'a ta cika, har daga Mabai an zo a kan kekuna don a ga macen gaske tana wasa. Ana gab da farawa sai ga Hajiya Lauratu da sabon mayafi, ta rufe otal, ta riƙo kwanon wasan a ƙulle cikin tsumma. Ta ce ita za ta ajiye shi da kanta a bayan zana. Ba wanda ya kula, kowa na ta kansa.

Wasa ya tafi lafiya. Zulaihatu ta fito tana jan ƙafa, na ji wani dattijon Mabai a bayana ya ce, "Ikon Allah." Na kama Gide a tasha na yi masa tsawa, aka yi mini tafi kaɗan, na koma gefe na tsaya inda nake ganin komai.

Sai aka zo ƙarshe. Gide ya shigo da yagaggiyar riga da jaka ba komai a ciki, ya yi sallama a bakin zana. Iya tana zaune tana tsince wake.  Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta goge hannu sau biyu a zane, sannan ta wanke shi tas: gonar da ya bari ciyawa ta cinye, daminar da ta yi ita kaɗai, da kuɗin man da ya ce zai kawo a buhu. Mutane na dariya. Shi yana durƙushe, amma ba ƙasa yake kallo ba kamar yadda aka tsara. Ita yake kallo. Sai a lokacin na tuna cewa duk shekarun nan kowa a ƙasar nan ya ga Iya Ta-Mabai, ban da shi.

Ta gama faɗan. Ta jawo kwanon, ta kau da kai, ta tura masa da bayan hannu. "Ci tun da zahi."

Ya ɗaga faifan, sai tururi ya tashi. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ƙamshin daddawar har inda nake tsaye.

Na ga Malam Zailani ya dafe kai. Gide ya tsaya da faifan a hannu kamar an dasa shi. Sannan ya ajiye jakar, ya gyara zama ya tanƙwashe ƙafa, ya yi bisimilla, ya gutsuro loma. Mutane suka fara dariya, suna tsammanin wani abin ban dariya ne zai biyo. Ba abin da ya biyo. Ci kawai yake yi, a hankali, hawaye na gangarowa ta gefen hancinsa, bai share ba. Dariyar ta ragu har ta mutu. Malam Zailani yana ta yi masa alama da hannu ya taƙaita, shi kuwa bai san ana yi ba. Zulaihatu, Allah Ya yi mata albarka, ba ta motsa ba. Ta ci gaba da kallon zana kamar yadda ya koya mata, tana tsince waken da ta riga ta tsince.

Ni da nake riƙe da kulki, sai da na juya baya na goge ido da hular ɗan doka. Ban ji kunya ba, don ba ni kaɗai ba ne.

Sai da ya cinye tas ya suɗe kwanon da yatsa. Jawabin tuban da aka shirya masa bai faɗi ko kalma ɗaya ba. Ya ce, "Iya, na dawo."

Wannan ba ya cikin wasan, kuma ba wanda ya koya wa Zulaihatu amsarsa. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ai na gani."

A nan Malam Zailani ya hura usur, wasa ya ƙare. Jama'a suka daɗe ba su watse ba. Dattijon nan na Mabai ya zo ya tsaya kusa da Zulaihatu yana kallon zanen, sannan ya tafi.

Muna naɗe igiya Hajiya ta zo ɗaukar kwanonta. Malam Zailani ya buɗe baki zai yi maganar doka, ta dube shi, ya fasa. Gide yana zaune a inda yake, bai ko cire yagaggiyar rigar ba.

Ta ce, "Ka ƙoshi?"

Ya ce, "Na ƙoshi, Inna." Sannan ya ce, "Gishiri bai ji ba."

"Haka take yin ta," in ji Hajiya.

"Na sani."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon, ya riga ta. Ya rufe shi da faifan, ya riƙe a ƙirji, ya ce ta bari shi zai wanke.